Garin Gam na Manna Allon Jifsum a Bango: Abin da Na Gani a Ɗaki Guda Mai Soket Shida

Garin gam ɗin da ake manna allon jifsum da shi a jikin bangon bulo kaya ne mai cika alkawari, sai dai ba ya ba mutum dama sau biyu. Wannan shi ne hukuncin da na yanke masa bayan na kwaɓa buhu 8, kowanne mai nauyin kilo 25, na lulluɓe bangon wani ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da rabi, mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, da soket 6 da makunnin fitila guda. Yau wata bakwai ke nan da gama aikin, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin a ranar da aka kwashe kayan aiki kowane bango yana da kyan gani. Sai an zauna da shi, an cusa filogi an zare ba adadi, zafi da sanyi sun bi ta kansa, sannan ake sanin ko aiki ya yi ko kuwa ido kawai aka rufe. Abin da na fahimta a tsawon wannan lokaci shi ne ƙarfin gam ɗin bai taɓa zama abin damuwa ba. Wurin da aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci shi ne bakin ramin soket, kuma makomar wannan wuri tana tabbata ne tun kafin ruwa ya taɓa garin.

Ga wanda bai taɓa riƙe allon ba, farin jifsum ne da aka daskarar tsakanin takardu biyu masu kauri. Wanda na yi aiki da shi shi ne wanda aka fi sani, mai faɗin milimita 1200, tsawon milimita 2400 da kaurin milimita 12.5. Nauyinsa ya haura kilo 20, wato mutum ɗaya zai iya ɗaga shi, amma ba zai iya sarrafa shi yadda ya kamata ba a lokacin da gam ke jira a jikin bango. Shi ma garin gam ɗin daga jifsum aka yi shi, kuma sanin wannan ya fi mini duk bayanin da ke jikin buhu amfani. Jifsum dutse ne mai laushi wanda kimanin kashi 21 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayoyinsa. Idan aka gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyos, kashi uku cikin huɗu na wannan ruwa yakan fita ya bar gari mai ƙishirwa, kuma da zarar garin ya sake haɗuwa da ruwa sai ya koma halittarsa ta farko, ya fitar da ƙananan ƙwayoyi masu kama da allurai waɗanda ke sarƙe juna. Saboda haka daskarewa yake yi daga ciki, har bokitin yakan ɗan yi ɗumi idan ya fara kamawa, saɓanin laka wadda iska ce ke busar da ita. Wannan ne ya sa ƙara masa ruwa bayan ya fara tauri ba ya dawo da shi. Abin da mutum zai samu kawai shi ne kwaɓi mai laushi a ido wanda an riga an kakkarya ƙashinsa, kuma irin wannan kwaɓi ba ya riƙe allo.

Na zaɓi wannan hanya ce saboda bangon ɗakin bai miƙe ba. Da na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a jikinsa, na tarar da wuraren da suka lotsa da kusan milimita 12, ga shi kuma ɗakin ba shi da girman da za a kafa masa firam na ƙarfe ko na katako a cinye santimita 5 ko fiye a kowane gefe. Da gam kuwa, kaurin allo da na curin gam ɗin da ke bayansa duka ba su wuce milimita 25 zuwa 30 ba a mafi yawan wurare, kuma curin da kansa ne ke cike lotsawar bango: a kaurara shi inda bango ya shige, a rage shi inda ya turo. A wannan fanni kam garin ya burge ni ƙwarai. Idan an kwaɓa shi daidai yana tsayawa a jikin bango a tsaye ba tare da ya zamo ba, ko da curin ya kai kaurin yatsu biyu, kuma yana da santsin da ke barin allo ya matsa kaɗan hagu ko dama kafin ya kama.

Amma yana da zaɓen bango. Yana son bulo ko siminti mai tsabta, busasshe, mai ɗan kaushi, wanda ba ya barin ƙura a tafin hannu idan an shafa shi. Bango uku na ɗakin tsirarar bulo ne, na share su da burushi mai tauri, sannan na shafa musu ruwan nan da ake sayarwa domin rage wa bango shan ruwa, saboda busasshen bulo yana zuƙe ruwan curin kafin ƙwayoyinsa su gama sarƙewa, sai gam ɗin ya zama gari a daidai inda ya kamata ya kama. Bango na huɗu yana da tsohon fenti mai ƙyalli, kuma a kansa na yi gwajin da nake ba kowa shawarar ya yi. Na manna guntun allo kamar faɗin tafin hannu biyu a kan fentin, na manna wani a kan bulo, na bar su suka kwana. Washegari da na ja na kan bulo, sai takardar bayan allon ce ta yage, curin ya tsaya daram a bango. Na kan fenti kuwa bugu ɗaya ya ɓalle shi, ga fentin liƙe a bayan curin kamar ɓawo. Gam ɗin ya kama fentin sosai, fentin ne bai kama bango ba, don haka sai da na kankare shi har siminti ya bayyana a duk wuraren da curi zai zauna. Batun danshi kuwa ba shi da sassauci. Jifsum yana jan ruwa, kuma idan bango yana tsattsafo da laima, kowane curi zai zama gadar da za ta kai laimar zuwa fuskar allo, bayan wani lokaci a ga tabo-tabo a jere sun fito ta cikin sabon fenti. Duk mai tunanin ɓoye bango mai danshi da wannan allo, gara ya nemi inda ruwan ke shigowa tukuna.

Wajen kwaɓi, ruwa ake fara zubawa a bokiti sannan a barbaɗa garin a kai, a juya har ya yi kaurin da zai tsaya a kan cokalin gini ko an karkata shi. Lokacin da kwaɓin ke ba mai aiki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani kimanin rabin sa'a, wani ya haura sa'a guda, kuma zafin rana yana rage shi. Nawa ya riƙa ba ni wajen minti 40 na aiki mai daɗi. Sau ɗaya ne ya saɓa, a kwaɓi na uku, inda ya yi tauri a cikin bokiti kafin minti 15 su cika, har na fara zargin buhun. Da na duba sai na ga ragowar kwaɓin baya ne ya bushe a gindin bokitin da jikin abin juyawa. Daskararren jifsum tamkar iri yake ga sabon kwaɓi, yana ba shi wurin da ƙwayoyi za su fara tsirowa nan take. Tun daga nan na ajiye bokiti biyu, ɗaya na kwaɓi ɗaya na wanki, ban kuma ƙara ganin wannan matsala ba. Na rage yawan abin da nake kwaɓawa zuwa abin da zai ishi allo ɗaya, iyaka biyu.

Tsarin ɗora curi ba shi da wuya. Kowane curi tsawonsa kamar tsawon cokalin gini, wato wajen milimita 250, faɗinsa milimita 50 zuwa 75, a jera su layi uku daga sama zuwa ƙasa a bayan kowane allo, a bar tazarar kamar milimita 25 daga gefen allon domin kada gam ya kutsa tsakanin allo da allo. A gindin bango, da ƙarƙashin silin, da kewayen ƙofa da taga, layi ake ja wanda bai yanke ba. Abin da ake nema shi ne bayan an danna allo, aƙalla kashi 20 cikin 100 na bayansa ya kasance yana zaune a kan gam. Wannan duk mutum zai iya koyonsa a allo biyu na farko. Soket ne ke buƙatar natsuwa, kuma a kansa zan daɗe.

Abu na farko shi ne wuta. An kashe layin ɗakin daga babban akwatin rarraba wuta, an gwada kowane soket da na'urar gwaji aka tabbatar babu komai a ciki, sannan ma'aikacin lantarki ya kwance fuskokin soket ɗin, ya naɗe bakin kowace waya, ya lanƙwasa su cikin akwatunansu. Ban yarda a yi wannan aiki da wuta a jikin waya ba ko na minti ɗaya, domin jiƙaƙƙen gam, cokalin ƙarfe da tsirarar waya a wuri guda hatsari ne da ba ya bukatar dogon bayani. Shi ne kuma ya jawo hankalina ga abin da ban yi tunaninsa ba. Tsofaffin akwatunan soket ɗin an binne su ne daidai da fuskar tsohon bango, sabuwar fuskar kuwa za ta turo gaba da kimanin milimita 25, wanda ke nufin za a bar rata a buɗe tsakanin bakin akwati da bayan fuskar soket, inda gefen takardar allo da sararin bayan allo za su kasance kusa da mahaɗar wayoyi. Akwatunan ƙarfe masu bin ma'aunin Birtaniya suna zuwa da zurfi daban-daban, waɗanda aka fi gani su ne na milimita 25, 35 da 47. Ya cire marasa zurfin, ya sa masu zurfi, ya kafa su yadda bakin kowanne zai turo daga bulo ya tsaya milimita biyu ko uku a bayan fuskar allo. Rabin yini wannan ya ci, kuma shi ne rabin yinin da ya fi kowane amfani a aikin gaba ɗaya. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma akwatin da aka manta da shi har allo ya hau kansa ba ya gyaruwa sai da ɓarna.

Dalilin da ya sa awon ramin ke bukatar wannan tsanani yana cikin lissafi mai sauƙi. Fuskar soket mai baki ɗaya a wannan ma'auni milimita 86 ce a kowane gefe, mai baki biyu kuwa 146 a kwance da 86 a tsaye, alhali akwatin da ke bayanta bai fi ta ƙanƙanta da komai ba sai 'yan milimita. Abin da fuskar ke rufewa a kowane gefe bai wuce milimita 6 ko 7 ba. Daga cikin wannan kuma sai an ba ramin sararin milimita 2 ko 3 domin ya shige kan akwati ba tare da an tilasta shi ba. Abin da ya rage wa kuskure, ke nan, bai kai kaurin fensir ba, a jikin allon da tsawonsa ya kusa mita biyu da rabi.

A allo na uku na yi asara, kuma ina ba da labarinsa ne domin kuskure ne da kowa zai iya faɗawa ciki. Ba a ajiye allon jifsum a kan daɓe kai tsaye. Ana ɗora shi a kan guntayen allo domin ya tashi daga ƙasa da kimanin milimita 10 zuwa 15, ya matse da silin a sama, kada ya riƙa shan ruwan da ya zuba a ƙasa. Ni kuwa na auna tsayin akwatin soket daga daɓe, na mayar da wannan awo a jikin allo daga gindinsa, ban cire kaurin abin da zai zauna a kai ba. Da muka ɗaga allon, ramin ya haura akwatin da milimita 12 da rabi cif, wato kaurin guntun da ke ƙarƙashinsa. Allah ya taimake ni gwajin bushe muke yi, ba a ɗora gam ba tukuna, don haka allon kawai na yi asara, shi ma daga baya na yanka shi na yi amfani da shi a saman ƙofa da ƙarƙashin taga. Daga ranar na canza hanya. Nakan ajiye guntayen a wurinsu tun farko in auna daga samansu, awon kwance kuma in ɗauke shi daga gefen allon da aka riga aka manna, ba daga kusurwar ɗaki ba, domin kusurwa ba kasafai take miƙewa ba. Ina auna gefe huɗu na akwatin kowanne da kansa, in rubuta lambobin a jikin bango kusa da shi, maimakon in auna gefe ɗaya in ƙara faɗin akwati da ka.

Akwai wata dabara da ta fi tef na awo sauƙi idan bakin akwatin ya turo daga bango, kuma ita na koma yi a soket huɗu na ƙarshe. A goga alli mai launi a bakin akwatin, a tsayar da allo a kan guntayensa daidai inda zai zauna, a danna shi da tafin hannu a setin akwatin, sai zanen bakin ya fito a bayan allo kamar hatimi. Sai dai a nan ma akwai tarko. Zanen yana baya ne, yanka kuwa ya fi kyau a yi shi daga fuska, domin haƙoran zarto suna yaga takardar gefen da suke ɓullowa, kuma gara yagewar ta kasance a bayan da ba mai gani. Abin da na riƙa yi shi ne in huda kusurwoyi huɗu na zanen daga baya da siririn bakin na'urar huda, ina matsawa waje da milimita 2, sannan in juya allon in haɗa hudojin da fensir a fuskarsa in yanka daga nan. Wannan ya kuma kare ni daga ruɗanin hagu da dama, wanda ke kama duk mai auna bango ta gaba yana zana allo ta baya.

Na gwada kayan yanka iri uku. Siririn zarto mai tsini, wanda ake soka shi cikin allo a fara yanka daga tsakiya, shi ne ya fi dacewa da hannuna, kuma idan aka riƙe shi a miƙe ba tare da gaggawa ba yana ba da gefe mai kyau. Na'urar lantarki mai karkarwar baki ta fi shi fitar da kusurwa mai tsabta, amma tana tayar da farar ƙura mai laushi da ke cika ɗaki, dole sai da abin rufe hanci. Hanya ta uku ita ce a tsaga takardar da wuƙa mai kaifi a gefe huɗu ta fuska da ta baya, a ƙara tsaga biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, a buge tsakiyar ta faɗo. Tana aiki, amma na ga tana murƙushe jifsum ɗin bakin ramin idan wuƙar ba ta shiga sosai ba, kuma bakin ramin shi ne wurin da ba a son ya yi rauni. Wasu sukan manna allo tukuna sannan su nemi akwati su yanke daga waje. Ban bi wannan hanya ba, domin zarton da ke shiga wurin da ido ba ya gani yana iya yankar rigar waya ba tare da an sani ba, kuma wayoyi galibi suna tafiya ne a miƙe sama, ƙasa ko gefe daga soket, daidai inda zarto zai bi. Wani abin lura kuma shi ne tsarin jera allunan. Idan rami ya faɗo kusa da gefen allo, siririn abin da ya rage yakan karye tun ana ɗagawa, don haka na fara bango ɗaya da rabin allo musamman domin soket biyu su faɗo a tsakiya.

Yanzu ga inda gam ɗin da soket suke haɗuwa, wanda kuma buhun da na saya bai ce komai a kansa ba, abin da nake ganin babban gibi ne a bayaninsa. Kafin a ɗora allo, dole a zagaye kowane akwati da layin gam wanda bai yanke ba, kamar santimita 2 ko 3 daga bakinsa. Amfaninsa na farko shi ne tallafi. Fuskar soket tana matse allo idan an ɗaure sukurorinta, kowane cusa filogi da zare shi kuma yana girgiza wannan wuri, kuma idan babu komai a bayan allon sai sarari, a hankali jifsum ɗin yakan murmushe, soket ya fara motsi. Amfani na biyu shi ne toshe hanya. Sararin da ke bayan allo yana haɗe daga wannan kusurwa zuwa waccan, iska mai sanyi, ƙura, ƙwari, har da hayaƙi idan gobara ta tashi, duk suna iya bi ta cikinsa su ɓullo ta ramin soket. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ramin soket da ba a zagaye ba tsaga ce da mai aiki ya buɗe da hannunsa. Sai dai gam ɗin da aka zagaye da shi yakan matso cikin akwati idan an danna allo. A soket na farko ban rufe bakin akwatin ba, gam ya shiga ɗaya daga cikin kunnuwan da sukuru ke ɗaurewa a ciki ya daskare, sai da ma'aikacin lantarki ya sa abin gyaran zaren ramin sukuru mai ma'aunin milimita 3.5 ya buɗe shi a hankali. Sauran akwatunan duk na liƙe bakinsu da tef na takarda, wanda ake cirewa cikin daƙiƙa kaɗan bayan allo ya zauna.

Ɗora allon kansa aikin mutum biyu ne. Tun farko na nemo inda bango ya fi turowa, na ƙara milimita 10 na gam da 12.5 na allo, na ja layi da zare mai alli a kan daɓe da kuma jikin silin, domin kowane allo ya san iyakarsa. Ana ɗora gindin allon a kan guntaye, a miƙar da shi a hankali, ɗaya yana kallon ramin yana tabbatar ya shige kan akwati, sannan a riƙa bubbuga shi da miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye, a kwance da kuma a karkace har ya iso layin, ana duba ma'aunin lebur a kai a kai. A nan ne maganar da na fara da ita take bayyana. Allo yana shiga ciki idan an buga shi, amma ba ya dawowa waje. Idan aka wuce layi, curin ya riga ya baje, jawo allon baya kuwa yana raba shi da gam ya bar shi a rataye a kan iska. Gyara ɗaya ne, a cire allon gaba ɗaya, a kankare gam, a sake sabo. Don haka bugu kaɗan-kaɗan ya fi, musamman a kewayen soket inda ramin ya riga ya rage wa allon ƙarfi, kuma a wurin tafin hannu na riƙa amfani da shi maimakon ƙarfe.

Ta fuskar yawan abin da ake ci, buhu ɗaya ya riƙa kai mini murabba'in mita 4 ko sama da haka kaɗan, wato bai cika allo biyu ba, kuma lotsawar bango da zagayen soket da taga su ne suka ci mafi yawa. Wanda zai saya ya ƙara buhu ɗaya a kan lissafinsa, ya kuma duba ranar da aka buga a jikin buhu, domin garin ba ya son daɗewa a ajiye, kuma buhun da ya sha iska mai laima yakan yi gudaji ya ɓata lokacin kamawarsa. Ragowar rabin buhun da na bari a buɗe, bayan wata biyu na tarar ya dunƙule. Garin yana busar da fatar hannu, yana da nauyin ɗauka, kuma wanke kayan aiki bayan kowane kwaɓi yana cin lokaci, ga shi ba a zuba ruwan wankin a magudana domin yana daskarewa a cikin bututu. Ba a manna silin da shi, wannan aikin sukuru ne. Akwai gam na kumfa da ake fesawa daga gwangwani, wanda na gwada a ɗan guntun da ke gefen taga. Ba ya bukatar kwaɓi, ba shi da nauyi, yana kamawa da wuri, amma ba shi da jikin da zai cike lotsawa mai zurfi ko ya tallafi bakin soket kamar yadda daskararren jifsum ke yi. A bango mai santsi da ya riga ya miƙe zan iya ɗaukarsa, a bango irin nawa kuwa garin zan sake saya ba tare da wani shakku ba.

Washegarin gama mannawa gam ya riƙe sosai, na cire guntayen da ke ƙasa, aka rufe mahaɗar allunan da tef da garin cike mahaɗa, sannan aka bar ɗakin a buɗe na wasu kwanaki domin ragowar ruwan curin ya fita kafin fenti. Da ma'aikacin lantarki ya dawo, soket biyu sun bukaci sukurori masu tsawo fiye da waɗanda suka zo da su, a bangon da ya fi lotsawa, sauran kuwa nasu ya ishe su. Bayan wata bakwai, na bi duka shidan ina girgiza su da hannu, babu wanda ya motsa, babu tsaga a kusurwar kowane rami, kuma idan na ƙwanƙwasa kewayensu ƙarar tauri nake ji, saɓanin ƙarar ganga da ake ji a tsakanin curi da curi.

Wannan sarari na tsakanin curi shi ne abin da mai ɗaki zai ci gaba da zama da shi. Ƙaramin hoto ko agogo yana rataya a jikin allon da irin maƙalar da aka yi domin allon jifsum, amma abu mai nauyi kamar talabijin ko kantar ajiye kaya sai an huda an wuce allo da sarari an shiga cikin bulo da dogon sukuru, kuma idan aka ɗaure shi da ƙarfi a inda babu curi a baya, allon yakan lotsa ya fashe. Inda na san za a rataya talabijin na shimfiɗa gam mai faɗi tun kafin allo ya hau. Kafin in rufe kowane bango kuma na ɗauki hotonsa da tef na awo a miƙe a jikinsa, ana ganin hanyar kowace waya daga soket zuwa silin. A watan da ya wuce, da za a kafa sandar labule a saman taga, hoton ya nuna cewa hudar farko da aka yi niyya za ta sauka ne santimita 3 kacal daga wayar da ke gangarowa zuwa soket na biyar, sai aka matsar da ita gefe da faɗin tafin hannu.